Mai ɓawon itace ko mai soso: duka biyun na saka

Ƙanena, ɗauki mai ɓawon itacen. Na fara da hukuncin ne don kada dogon surutuna ya ɓatar da kai a hanya. Sandal mai ƙasan kok, wato ɓawon itacen, da lallausan nan mai soso da kake ta auna su saboda tsayuwar shago, duka biyun sun shiga ƙafata. Ɗaya yana ƙafata yanzu haka, ɗayan yana bakin ƙofar banɗaki, kuma nan ne matsayinsa.

Nawa mai kok ɗin na kamfanin Birkenstock na Jamus ne, samfurin da suke kira Arizona, mai maɗauri biyu da ƙarfe a gefe. Ba ni na saya ba. Wani abokina tun na sakandare ne ya je Jamus ƙaro karatu, da zai dawo ya ce me zai taho min da shi, na ce agogo. Sai ga mutum ya sauka da takalmi mai faɗin goshi kamar faranti. Na yi godiya irin ta fatar baki. Maiɗakina ta juya shi sama da ƙasa, ta ce ai irin na tsofaffin Turawan nan ne masu zuwa kallon hawan Sallah da gajeren wando. Aka tura shi ƙarƙashin gado, ya yi wata shida yana shan ƙura.

Ciwon diddige ne ya fito da shi. Ni malamin makaranta ne, daga ƙarfe 8 zuwa 2 ina tsaye gaban allo a kan siminti. Abin ya kai ga in na tashi sallar asuba, takun farko sai in ji kamar na taka ƙusa, sai na dafa bango. In na ɗan zagaya ya lafa, da yamma ya dawo. Likita ya ce jijiyar da ta shimfiɗu a tafin ƙafa daga diddige zuwa gindin yatsu ce ta gaji. Ya nuna min yadda zan riƙa miƙar da sha-raɓa safe da dare, ya ce in rabu da shafaffen silifas in nemi abin da zai tokare min kwarin ƙafa. A daren na durƙusa na janyo tsarabar da na raina.

Ka sani tun yanzu, duk takalmi mai ƙasan kok da taurinsa yake zuwa. A cikinsa akwai gurbin da diddige ke zama, akwai tudu a ƙarƙashin kwarin ƙafa, sannan akwai wata 'yar kunya kamar ta gona a gindin yatsu. Ƙafar da ta saba da shafaffen silifas, ranar farko ji take kamar an zuba mata tsakuwa. A nan mutane da yawa ke cewa an cuce su, alhali gaggawa suka yi. Ni awa biyu na riƙa saka shi a rana, sannan huɗu, sannan na fara zuwa makaranta da shi. Wajen sati na uku na cire shi a ƙofar masallaci, na waiga, sai na ga sawuna a ciki ɓaro-ɓaro, diddige da yatsu biyar, kamar dangwalen ranar zaɓe. Daga ranar ya zama nawa ni kaɗai. Babban ɗana ya taɓa zura shi zai je sayo burodi, bai kai bakin layi ba ya dawo yana cewa takalmin Baba ramuka ne a ciki. Ramukan ƙafata ne, ba na tasa ba.

Ba na ce magani ba ne. Motsa jikin da likita ya koya min ya yi nasa aikin. Amma na san bambancin ranar da na wuni da shi da ranar da na yi kwalliya da sau-ciki saboda ɗaurin aure: ita wannan sai na nemi ruwan ɗumi da daddare. Bana shekararsa huɗu a ƙafata. Sau ɗaya na kai wa shumeka ya canza min sol ɗin ƙasa da ya cinye ta gefen diddige, gadon cikin da ƙafa ke takawa kuwa yana nan.

Bari in gaya maka abin da ke ciki, don da shi za ka kama mai ha'inci. Kok ɓawon wata bishiya ce da ke fitowa a Fotugal, Sifaniya, Maroko, Aljeriya da Tunisiya, kuma Fotugal ita kaɗai tana fitar da kusan rabin na duniya. Ba sare bishiyar ake yi ba, ɓawon ake ɓare mata da gatari ta sake yin wani. Sai ta kai kimanin shekara 25 kafin a fara, daga nan kuma sai bayan kowace shekara 9. Kana jin wannan ka san abin ba zai zo a arha ba. Shi ne dai wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Cikinsa cike yake da ƙananan ɗakunan iska, shi ya sa ba shi da nauyi, ba ya saurin ɗaukar zafin ƙasa, in ka danna shi kuma yakan ɗan dawo. A takalmi niƙa shi ake yi a kwaɓa da danƙon roba, a matse shi tsakanin shimfiɗa biyu na algarara, irin ta buhu, a rufe sama da fata mai laushi, a manna sol a ƙasa. Ɗumin ƙafarka da nauyinka su ke sa kwaɓin nan ya lotsa daidai inda kake takawa, ya tsaya da ƙarfinsa inda ƙafar ke neman tokari. Su mutanen Birkenstock zuri'ar masu ɗinkin takalmi ne tun 1774, Arizona kuma tun 1973 ake yin sa da kusan wannan siffar. Tsohon na marigayi Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, da sawun ƙafarsa a ciki, an yi gwanjonsa a 2022 a kan sama da dala 200,000. Nawa ma da sawun, har yau ba wanda ya taya.

Mai soson kuwa, to, ba laifi a wajen alwala. Na saye shi a kasuwa lokacin da ciwon ya fara, saboda da na taka shi a shagon ji na yi kamar na taka sabon burodi. Wata uku ya kwanta ta gefe ɗaya, na koma tafiya a karkace, ciwon ya ƙaru. Laushi daban, tallafi daban. Soso yana bin ƙafa duk inda ta karkata, ba ya ce mata tsaya. Wata Juma'a na bar shi a rana tun kafin huɗuba, na fito na tarar ya tsuke, diddigena yana leƙe a waje. Abin da zan yaba masa bai wuce biyu ba: ba ya tsoron ruwa, kuma in an ɗauke maka shi a masallaci ba za ka rasa barci ba.

Wannan maganar ruwan kada ka ɗauke ta da wasa, don a nan mai kok yake da rauni, mu kuma sau biyar muke jiƙa ƙafa a rana. In ka riƙa zura jiƙaƙƙiyar ƙafa a ciki, fatar za ta yi baƙi ta yi santsi, ta fara tsami, algararar ta sha ruwa, gefen ya fara marmashewa. Ni silifas ɗin roba na ajiye a ofis don alwala, in na idar na goge ƙafa sannan in koma cikin nawa. Kai ma ka ajiye ɗaya a ƙarƙashin kanta. Da damina in hadari ya haɗo, bar shi a gida. In tsautsayi ya sa ya jiƙe, a inuwa za ka shanya shi, ba a rana ba, ba kusa da murhu ba, ko da zai kwana biyu. Kada ka bar shi a cikin mota a rufe da zafin Afrilu, sol ɗin kan tsuke, gam ɗin ya saki. Da hunturu kuma ka riƙa duba gefen: sabo yana da ɗan sheƙi, wani shafi ne da ake yi masa don kada ya bushe. In sheƙin ya tafi ya koma fari-fari, a sake shafa masa. Akwai man da ake sayarwa musamman don haka, in ba ka samu ba shumeka ya shafa farin gam na katako siriri ya bar shi ya bushe. Cikin kuwa tsohon buroshin haƙori ya isa.

Ranar Juma'a ni a leda nake saka nawa in shiga da shi sahu. Na san abin da na sani.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa, don a nan ne kuɗinka zai iya tafiya a banza. Jabun takalmin nan ya cika gari. Kamfanin da kansa ya janye kayansa daga kasuwar intanet ta Amazon a Amurka a farkon 2017 saboda yawan jabu, to ina ga mai sayarwa a WhatsApp da ya ɗauko hoto daga intanet ya ɗora. Za ka ji ana cewa orijina ne, kwantena ce ta zo da arha, ko ragowar kanti ne daga Turai. A can inda ake yin sa, sabon mai kok yana kamawa daga wajen dala 100 zuwa sama, na fata zalla ya fi haka. Ka buga da canjin yau. Duk wanda ya ba ka shi sabo a kwali a kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗin, kai ma ka san me ka saya.

Wani maƙwabcina ya sayo irin wannan, ya kawo min yana murna wai mun zama anko. Na sa farce a gefen, sai ga abu yana ɗagowa kamar bangon littafi. Siririn ɓawo ne aka manna a jikin soso, wani ma ba ɓawon ba ne, roba ce aka zana mata ɗigo-ɗigo. Na gaske in ka duba gefensa za ka ga ƙwayoyin ba su yi daidai da juna ba, manya da ƙanana, kuma in ka murɗa takalmin ba ya naɗewa kamar tabarma. Ka shinshina: jabu warin gam da fetur yake yi. Ka duba ƙarfen maɗaurin, sunan a sassaƙe yake tsaf, ba fenti ba. A cikin gadon akwai sunan kamfanin, da rubutun da ke nuna a Jamus aka yi, da lambar takalmin, da tsawonsa a milimita, misali lamba 42 tana tafe da 270. Akwai kuma ɗan zanen tafin ƙafa: in zanen fanko ne, mai faɗi ne, in a cike yake da launi, matsattse ne. Mafi yawanmu da muka tashi a silifas ƙafarmu a baje take, mai faɗin za ka nema. Masu jabu sun iya kwaikwayon rubutu, don haka kada rubutu kaɗai ya ruɗe ka, hannu da hanci sun fi ido aiki a nan. In ta waya za ka saya, ya ɗauko maka bidiyon wanda zai aiko maka ɗin, gefe da ciki da ƙasa, kuma kada ka tura kuɗi duka sai kaya ya iso hannunka. Wanda ya fara cewa ba ka yarda da shi ba ne, ka yi masa sallama.

In kuɗin orijina ya fi ƙarfin aljihunka a yanzu, ba abin kunya ba ne. Akwai kamfanoni da yawa masu yin irin wannan siffar da sunansu na kansu, da ɓawo na gaske. Birkenstock ɗin ma ya kai wasunsu ƙara, a Fabrairun 2025 babbar kotun tarayyar Jamus ta ce siffar sandal ɗin ba aikin fasaha ba ce da dokar haƙƙin mallaka za ta kare. Gara mai kok na gaskiya da sunan da ba ka taɓa ji ba, da soso mai ɗauke da babban suna na ƙarya. Gwanjo kuma ka yi hattara. Takalmin da ya riga ya ɗauki sawun wani ba zai ɗauki naka ba, za ka wuni kana taka ramukan wani Bature. In ka samu wanda cikinsa bai yi duhu ba, gadon bai lotsa ba, gefen bai tsage ba ta wajen lanƙwasar yatsu, wannan ka ɗauka da sauri. In kana da ciwon suga kuwa, kafin ka saka kowane takalmi mai tauri ka fara jin ta bakin likitanka, don 'yar gogar da wani zai ji ya cire, mai suga ba lallai ya ji ta ba sai ta zama gyambo.

Ka je gwaji da yamma, bayan ka wuni a tsaye ƙafa ta ɗan kumbura. Ka kwance maɗauran duka biyu, ka zaunar da diddige a gurbinsa, ka miƙe tsaye. Ya zama akwai ɗan fili a bayan diddigen, a gaban yatsu kuma kamar faɗin ɗan yatsa, kada su taɓa bakin. Sannan ka ɗaure, ba tamau ba, yadda yatsa ɗaya zai iya shiga ƙarƙashin maɗaurin. Ka ɗauki mai ruwan ƙasa ko baƙi, yana shiga da shadda, yana shiga da yadi, ƙurar Kano ma ba ta cika nunawa a jikinsa ba. Canjin da ya rage ka sayi silifas ɗin alwala.