Laktaye: wanne ya kamata ka fara saya?

Kusan duk abin da maza ke ɗaurawa a wuya idan sun sa kwat, tushensa ɗaya ne. A lokacin Yaƙin Shekaru Talatin, tsakanin 1618 da 1648, sojojin haya 'yan Kuroshiya da ke yi wa Faransa yaƙi suna ɗaura ƙyalle a wuya. Manyan Faransa suka gani suka ɗauka, har ya zama kayan fada a zamanin Sarki Louis na 14. Daga nan ya rarrabu, kowane iri da muhallinsa.

In guda ɗaya za ka saya, dogon laktaye za ka nema, domin shi ne ke shiga ofis, ɗaurin aure da ganawar neman aiki. A shekarun 1920 wani mai sana'ar laktaye a New York, Jesse Langsdorf, ya fito da dabarar yanka yadin a karkace, a haɗa shi gida uku. Wannan yankan ne ke sa laktaye ya kwanta lif a ƙirji, ya kuma koma daidai bayan an kwance shi. Kafin ka biya kuɗi, riƙe siririn bakin ka sake shi ya rataya. In ya sauka a miƙe, yankan ya yi. In ya murɗe, ajiye shi komai kyawun launinsa. Sannan juya bayansa ka ɗan buɗe naɗin. Zare guda da aka bari sako-sako a ciki ba aibi ba ne, shi ke ba yadin damar miƙewa.

Siliki ya fi komai ɗaukar ƙulli mai kyau. Na roba ya fi araha kuma yana jure tabo, amma ƙyallinsa yakan yi yawa, ƙullin kuma yakan zame. Ni dai na fi son siliki shuɗi mai duhu ko ja mai duhu, ba zane mai hayaniya. Faɗin santimita 7 zuwa 9 ya dace da yawancin kwat, tsininsa kuma ya tsaya daidai kan bel. Dogon mutum, ko mai son babban ƙullin da ake kira Windsor mai cin yadi, sai ya nemi wanda ya wuce santimita 150.

Guntun nan mai siffar malam-buɗe-littafi na liyafar dare ne, baƙi a kan farar riga. Akwai wanda aka ƙulle tun daga kamfani, akwai wanda kai za ka ƙulla. Na biyun ya fi kyau nesa ba kusa ba, ko da ƙullin ya ɗan karkace.

Askot, mai faɗin da ake tura shi cikin riga ko a kafe shi da fil, ya samo suna daga filin sukuwar Ascot na Ingila, kuma yau da wuya ka ga inda ake bukatarsa. Bolo kuwa igiyar fata ce mai maƙalli, sau da yawa na azurfa, ta yammacin Amurka. Jihar Arizona ta mayar da ita abin wuyanta na hukuma a 1971.

Kowanne ka saya, kwance ƙullin duk lokacin da ka cire, kuma kada ka jiƙa na siliki a ruwa, domin shafin cikinsa yakan tattare.