Wata takwas ina sauraron laccocin dokar ƙasa da ƙasa a waya

Gardama ce ta kai ni. A watan Janairun 2024, lokacin da ake sauraron ƙarar da Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila a Kotun Duniya kan Gaza, majalisarmu ta bayan isha'i a Tudun Wada ta koma kotu. Kowa lauya ne. Da yake ni nake koyar da darasin gwamnati a sakandare, ni aka mayar alƙali, na kuwa zage ina zuba bayani, har na ce kotun za ta iya sa a kamo mutum a ɗaure. Washegari 'yar ƙanwata da ke karatun lauya a Zariya ta ji labari, ta yi dariya ta ce, "Kawu, kotu biyu ka haɗa." Ita ta nuna mini Audiovisual Library of International Law, ɗakin karatun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a intanet tun 2008.

Kashi uku ne. Akwai laccoci na alƙalai da farfesoshi, akwai taskar tarihi mai ɗauke da yarjejeniyoyi da bayanin yadda aka ƙulla su, sai ɓangaren bincike wanda ban cika leƙawa ba. Ba a biyan ko sisi. Da bidiyo na fara, kafin mako ya zagayo data ta ce ga garinku. Daga nan na koma sauke sauti zalla da daddare, in saurara da safe a mota daga Tudun Wada zuwa Kawo. Ba ka rasa komai, don bidiyon ma dattijo ne zaune yana magana.

Abin da 'yar ƙanwata ta gyara mini tun farko shi ne wancan kuskure. Kotun Duniya, mai alƙalai 15 da ke yin wa'adin shekara 9, ƙasashe kaɗai take wa shari'a. Mai tuhumar mutum ɗaiɗai ita ce Kotun Manyan Laifuka, wadda yarjejeniyar Rum ta 1998 ta kafa, ta fara aiki a 2002. Duk a birnin Hague suke, shi ya sa muke cakuɗa su.

Amma inda na fi cin moriya shi ne Bakassi, yankin da Kotun Duniya ta ce na Kamaru ne ba na Najeriya ba. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa an yi mana fin ƙarfi ne kawai, ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi ma kotun ta samu hurumin sauraron ƙarar ba. Bayan na fahimci cewa kotun ba ta taɓa ƙasa sai da yardarta, na je shafin kotun na nemo hukuncin da kaina. Ashe Najeriya ta amince da hurumin kotun tun 1965. Kamaru kuwa sai a farkon Maris na 1994 ta miƙa tata amincewar, a ranar 29 ga watan nan ta shigar da ƙara. Najeriya ta yi ƙorafi a kan haka, kotu ta yi watsi da shi a 1998. Hukuncin 10 ga Oktoban 2002 ya dogara ne da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, takardar da Turawa biyu suka sa wa hannu ba tare da sun shawarci masu ƙasar ba. Mu mun kafa hujja da cewa mutanenmu ne a wurin, mu muke gudanar da shi. Kotu ta ce zama a wuri bai fi takardar mallaka ƙarfi ba. Duk wanda ya taɓa rigimar fili a Rigasa ya san wannan magana. Kuma abin bai tsaya a kudu ba, har da Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Tafkin Cadi, wanda mu 'yan arewa ba mu cika tunawa da shi ba. Har yau ina jin ciwon hukuncin, sai dai yanzu na san inda ciwon yake.

To, sai wahalar ɗakin karatun. Turanci ne na lauyoyi, wasu laccocin ma da Faransanci ko Sifaniyanci, babu Hausa. Malaman kuma da masu ilimi suke magana, ba sa tsayawa jiran na baya. Akwai laccar da na maimaita sau uku kan yarjejeniyar Biyana ta 1969, wadda ta tsara ƙa'idojin ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasashe, kafin na kama zaren. Wani malamin kamar ruwan zuma, wani kuwa kafin mu kai gadar Kawo na fara gyangyaɗi. Sannan ba wurin labarai ba ne. Idan hukuncin jiya kake nema, ba nan za ka same shi ba, tushe ake koyarwa. Ba jarrabawa, ba takardar shaida, don haka mai neman abin ratayewa a bango ya nemi wani wuri.

Wani abu kuma dole ka haɗa da kanka, wato yadda duk wannan ya shafi gida. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Wannan 'yar ƙanwata ce ta ƙara mini, ba lacca ba, kuma shi ne amsar tambayar da ɗalibai suka fi yi: in mun sa hannu, me ya sa ba a aiki da ita?

Ga malamin makaranta, ɗan jarida ko ɗalibin lauya, ina ba da shawararsa ba tare da inda-inda ba, da sharaɗin ya tanadi littafi da biro. A majalisa kuwa yanzu ba na saurin yanke hukunci, har abokaina na tsokanata wai boko ya kashe mini baki. Wannan makon kan dokar kogunan da ƙasashe suka yi tarayya a kansu nake, saboda wani yaro ya tambaye ni ko Nijar na da ikon tare Kwara kafin ta iso mana, na ce masa ya ba ni zuwa Litinin.