Na'urar tace iska a ɗakin Inna: abin da na gani bayan hunturu guda a Gusau

A ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da hazo ya sauka har mai tafiya a hanyar Funtuwa ba ya hango dutsen Kwatarkwashi sosai, tarin mahaifiyata ya dawo kamar yadda yake yi duk shekara. Tana fama da asma, kuma dare ne ya fi yi mata tsanani. Wannan ne ya sa na sayi na'urar tace iska a wani shagon kayan lantarki da ke cikin gari, na ajiye ta a ɗakinta da ke gidanmu a Tudun Wada.

Tsayinta bai wuce gwiwa ba, kuma aikinta ba shi da sarƙaƙiya: fanka ce a ciki da ke zuƙo iskar ɗaki ta bi da ita ta matatai uku. Ta farko raga ce mai tare gashi da manyan ƙura, ta biyu ita ce ake kira HEPA, wadda a ƙa'ida take kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikuron 0.3 (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), ta uku kuma ta gawayi ce mai rage wari. Ta tsakiyar ce ke da muhimmanci a wurinmu, domin ƙurar hunturu, wadda iska ke kwaso da yawanta tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana da laushin da ke ba ta damar wucewa har cikin huhu.

A makon farko ban ga wani canji ba, fitilar da ke nuna yanayin iska tana nan ja daga safe har dare. Daga baya na gane cewa laifin namu ne, saboda Inna ba ta son rufe ƙofa, labule kawai take saki. Da muka fara rufe ƙofa da taga bayan sallar isha'i, muka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofar, muka kuma janye na'urar daga jikin bango, sai fitilar ta riƙa komawa koriya kafin Inna ta yi barci. Wata safiya ta ce mini, "Ɗan nan, jiya ban tashi neman abin shaƙata ba." Ba ta daina shan maganin da likita ya rubuta mata ba, kuma ban ba kowa shawarar ya daina ba, amma barcinta ya gyaru ƙwarai.

Wutar da na'urar take ci ba ta fi ta fankar tsaye ba, don haka ƙaramar solar gidanmu tana ɗaukarta idan an ɗauke wuta. Tana da ƙara idan aka ƙure ta.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne matatar HEPA. Takardar da ta zo da ita ta ce a sauya bayan wata 6 zuwa 12, amma tamu kafin ƙarshen Fabrairu ta koma ruwan ƙasa kamar an turbuɗa ta a rairayi. Irin wannan ba a wanke ta, ruwa lalata ta yake yi, kuma ban samu sabuwa a Gusau ba sai da na yi saƙo Kano. Duk mai niyyar saye ya fara tambayar inda zai samu sabuwar matatar da farashinta tun kafin ya biya.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne maganar mai shagon, wanda ya tabbatar mini cewa tana kawar da kowane irin hayaƙi. Tana rage hayaƙin turaren wuta da na igiyar leƙo, wannan gaskiya ne, amma ba ta tare gubar da ke fita daga garwashi ko janareta, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa a ɗakin da ke rufe. Inna ta saba shiga da kaskon wuta ɗaki idan sanyi ya tsananta, saboda haka tun ranar da muka fara rufe ƙofa na ƙara mata bargo biyu, kaskon kuma ya koma tsakar gida.