Katin RAID a shagon tura fina-finai: LSI 9260-8i ko 9211-8i?

Masu tura fina-finai da masu ɗaukar bidiyon biki a garuruwa irin su Ringim, Ɗambatta da Gumel sun fara jera faifan ajiya huɗu zuwa shida a kwamfutar tebur guda, shi ya sa tambaya kan katin RAID, wato katin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda, ta yi yawa. Katunan na hannu da aka fi samu guda biyu ne, duka na kamfanin LSI: 9260-8i da 9211-8i. Kowanne yana ɗaukar faifai takwas, yana kuma son gurbin PCIe x8 ko x16, wato ramin da ake soka kati a cikin kwamfuta. A ido kamar ɗanjuma da ɗanjummai suke, amma aikinsu ya sha bamban.

9260-8i shi ne mai ƙarfin. Yana da ƙwaƙwalwar wucin gadi ta megabayit 512, yana yin RAID 5 da 6, tsarin da ake raba bayani a faifai tare da lissafin kariya da za a maido da shi idan faifai ya mutu. Sai dai saurinsa wajen rubutu a kan batir ya dogara. A RAID 5, duk ƙaramin rubutu aiki huɗu ne: a karanto tsohon bayani, a karanto tsohon lissafin kariya, sannan a rubuta sababbin biyun. Idan batir na da lafiya, katin zai karɓi bayanin ya riƙe a ƙwaƙwalwarsa, ya ce wa kwamfuta an gama, ya zuba a faifai daga baya. Da batir ya mutu, da kansa yake daina hakan ya koma jiran faifai, sai ka ga kwafi yana jan ƙafa alhali faifan lafiyarsu ƙalau. Batirin kuwa na litiyam ne, ba ya shiri da zafi. A bazara, a shagon kwano da ba silin, cikin akwatin kwamfuta ya fi waje zafi, wajen ma ya haura digiri 40. Batir zai kumbura, ya daina riƙe caji.

Wasu masu gyara sukan danna Ctrl+H lokacin tashi, su zaɓi Always Write Back, wato katin ya ci gaba da riƙe bayani a ƙwaƙwalwarsa ko da batir ya mutu, don saurin ya dawo. Zai dawo ɗin, amma ranar da aka ɗauke wuta ko janareto ya mutu ana tsakiyar kwafi, abin da ke ƙwaƙwalwar ya tafi ke nan, wani lokacin har tsarin fayiloli ya rikice. In ba inbata ko UPS mai lafiya, kada a taɓa wannan zaɓin.

9211-8i ba shi da ƙwaƙwalwar, ba batir, ba ya RAID 5. Abin da zai ba ka shi ne RAID 0, 1 da 10. Da faifai huɗu na terabayit 4 a RAID 10, inda kowane faifai ke da ɗan'uwa mai ɗauke da kwafinsa, terabayit 8 za ka samu maimakon 12 na RAID 5. Asara ce, gaskiya. Amma babu lissafin kariya da zai rage gudu, kuma idan faifai ya mutu, kwafo ɗan'uwansa kawai za a yi, ba sai an karance duka sauran ba. Ga mai tura fim ma, ba a kati jinkirin yake ba: faifai guda mai juyi 7200 yana karanta wajen megabayit 150 a daƙiƙa, wayar kwastoma ta USB 2.0 da ƙyar take kai 40. A ganinmu, shagon ƙauye da ba tsayayyar wuta 9211-8i ya fi dacewa da shi.

Duka biyun don babbar kwamfuta (server) da iska ke ratsawa aka ƙera su. A kwamfutar tebur, ƙarfen sanyayarsu yakan yi zafin da yatsa ba zai jure ba, sai faifai su riƙa ɓacewa suna dawowa. A ɗaura ƙaramar fanka mai milimita 40 a kansa, a riƙa hure ƙura, musamman da hunturu.

Wajen saye a kula da wayar da ke haɗa kati da faifai. Ana buƙatar SFF-8087 mai rabuwa huɗu zuwa SATA, samfurin forward. Akwai reverse mai kama da ita sak, da ita katin ba zai ga faifai ko ɗaya ba. Idan kuma aka miƙo maka wani katin RAID mai suna Dell PERC 6/i da araha, ka tambayi girman faifanka tukuna, don ba ya amfani da abin da ya wuce terabayit 2 a kowane faifai.