Sharhi kan akwatin gwajin kimiyya na 'yan firamare

Tun da hukumar NaCCA, mai tsara manhajar makarantun Gana, ta fito da sabuwar manhajar firamare a shekarar 2019, ana bukatar malamin kimiyya a Gana ya sa yara su yi bincike da hannunsu, alhali yawancin makarantun Ingilishi da Arabiyya na unguwanninmu ba su da ɗakin gwaji. Wannan ya sa makarantar da nake koyarwa a unguwar Asawase, cikin Kumasi, ta sayo ƙananan akwatunan gwaji daga wani shago a Adum, na kuma yi aiki da su tare da 'yan aji biyar tsawon zangon karatu.

A kowane akwati akwai batura masu volt 1.5, da ƙananan ƙwayayen fitila, da makunni, da maganaɗisu, da ƙusa, da wayar tagulla. Kayan sun dace da sashen ƙarfi da makamashi, ɗaya daga cikin sassa 5 na manhajar.

A ganina, amfanin akwatin yana fitowa ne idan aka sa yaro ya rubuta hasashensa kafin ya taɓa komai. A darasin maganaɗisu, kusan duk ajin sun rubuta cewa zai kama duk abin da ake kira ƙarfe. Ya kama ƙusa da allura, amma ya ƙi wayar tagulla, ya kuma ƙi murfin tukunyar alminiyam da wata ɗaliba ta kawo daga gida. Sai ta ce, "Malam, ko maganaɗisun ya mutu ne?" Na tambaye ta yadda za mu tabbatar, ta yi ɗan tunani, ta mayar da shi kan ƙusa, ya sake kamawa. Da kanta ta kore zargin da ta kawo, kuma wannan shi ne ginshiƙin binciken kimiyya.

Haka muka yi da maganaɗisun lantarki. Yara sun naɗa waya sau 20 a jikin ƙusa, suka haɗa wayar da batir, suka ƙirga allurar da ƙusar ta ɗaga, sannan suka kai naɗin sau 40 ba tare da sauya batir ko ƙusa ba. Da wani rukuni ya ƙara batir a lokacin da ya ƙara naɗi, sauran ne suka ƙi amincewa da sakamakonsu, suna cewa ba a san wanne daga cikin biyun ya ƙara ƙarfin ba. Na ji daɗin wannan gardama ƙwarai, domin ta nuna sun fahimci dalilin sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji.

Babban abin da ban ji daɗinsa ba shi ne littafin jagora, wanda ya buga sakamakon kowane gwaji a ƙarƙashin umarninsa, ta yadda yaro mai iya karatu zai ga amsa kafin ya gwada. Dole na riƙa rufe wurin da takarda, ina kuma yin bayani da Hausa, tunda Turancinsa ya yi wa yara nauyi. Batura ma suna saurin ƙarewa a gwajin naɗin waya, kuma wayar tana ɗaukar zafi idan aka bar ta a haɗe. Ba a tanadi komai ba game da tsirrai, don haka muka shuka wake a gwangwanin madara, muka ajiye wani a rana, wani a cikin duhu.

Ina ba malamai shawarar su saye shi, akwati ɗaya ga yara huɗu ko biyar, domin in suka fi haka wasu kallo kawai za su yi. Iyayen da za su saya wa yaro a gida kuwa, su zauna tare da shi, su kuma ja masa kunne sosai cewa wutar soket ɗin bango volt 230 ce, tana kisa, kuma ba a kusantar ta da waɗannan wayoyi.