Lemonade na Beyoncé: kundin faifai biyu, a gani kafin a saya

Kundin Lemonade na mawaƙiyar Amurka Beyoncé ya fito a 2016, faifan CD mai waƙoƙi 12 da faifan DVD mai fim na kusan minti 65 da aka kasa babi 11. Wanda ya tsaya kan CD kaɗai ya ci tuwo babu miya, domin kukan Baƙaƙen Amurka a hoto aka zuba shi.

Abin da mai saye ya kamata ya sani tun farko: fiye da rabin fim ɗin kan cin amanar aure yake. Mai neman zanga-zanga sai ya yi haƙuri. Akwai dai muryar Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, daga jawabinsa na 1962 a waƙa ta uku, inda yake bayyana yadda ake wulaƙanta baƙar mace a Amurka, amma sai a ta tara, "Forward", maganar kisan baƙaƙen fata take fitowa fili. Waƙar ba ta kai minti ɗaya da rabi ba. Uwaye ne zaune, kowacce riƙe da hoton ɗanta: Trayvon Martin da wani ɗan sintirin unguwa ya harbe a Florida a 2012, da Michael Brown da Eric Garner da suka mutu a hannun 'yan sanda a 2014. Babu ihu, babu kwalaye. Kyamara kawai ta tsaya a fuskokinsu, kuma nan ne fim ɗin ya fi nauyi.

"Formation", wadda Melina Matsoukas ta ba da umarni, ita ta fi ta da ƙura. Mawaƙiyar na kan motar 'yan sandan New Orleans tana nutsewa a ambaliya, tunin guguwar Katrina ta 2005. Sai wani yaro yana rawa gaban jerin 'yan sandan kwantar da tarzoma, ya ɗaga hannu, su ma suka ɗaga, sannan a nuna bango da aka rubuta roƙon a daina harbin baƙaƙen fata. Bidiyon ya ci kyautar Grammy a 2017.

Zanen farin fenti a jikin matan da ke cikin "Sorry" aikin Laolu Senbanjo ne, ɗan Najeriya, daga al'adar Yarabawa. Baitocin da ake karantawa tsakanin waƙoƙi kuwa na Warsan Shire ne, 'yar asalin Somaliya.

Inda aka gaza: fim ɗin ba ya bayanin komai. Ba a rubuta sunan ko uwa ɗaya a allo ba lokacin da aka nuna su, don haka wanda bai bi labaran Amurka ba zai ga mata da hotuna ne kawai. Hoton DVD kuma ba ya da kaifi a babban talabijin, wuraren duhu sukan dusashe. Ga ashar, ga shigar da ba ta falo ba ce, a kalla bayan yara sun kwanta.