Wata takwas da agogon ƙirga taku a hannuna

Ba ni na saya ba, ƙanwata ce ta kawo mini. Wata Asabar da hantsi ta zo ta tarar da ni kwance a kan doguwar kujera, ta tsaya a kaina ta ce, "Yaya, wannan gajiyar taki fa ta haura shekara." Na ce mata aiki ne. Aikina lissafin kuɗi ne, daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyar na yamma ina zaune gaban kwamfuta. Da gajiya nake tashi, da ita nake kwanciya, kuma tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana idanuna kan yi nauyi har in rasa abin da nake karantawa. Shekaruna 41, nauyina a lokacin kilo 88. Bayan mako guda sai ga ta da ɗan kwali a hannu.

Agogo ne baƙi, siriri, mai madaurin roba, fuskarsa ba ta kai faɗin yatsu biyu ba. Ana haɗa shi da wata manhaja a waya. Yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya, yana lissafa barci, yana kuma faɗin yawan kalorin da wai jiki ya ƙone, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Irinsa sun cika kasuwa, kamfanoni daban-daban ke yin su, kuma na ga na abokan aikina biyu, aikinsu kusan ɗaya ne da nawa. Don haka abin da zan faɗa ya shafi duk mai tunanin sayen irin wannan ƙaramin agogo domin ya rage ƙiba ko ya rabu da kasala.

Makon farko ban canza komai ba, na dai ɗaura shi na ci gaba da rayuwata. Wannan makon shi ne mafi amfani a duk watanni takwas ɗin. Da an tambaye ni, zan ce ina yawo sosai, ai ina hawa bene, ina shiga ofisoshi, ina hidimar gida. Agogon ya ce taku 2,300 nake yi a rana. Ranar Lahadi ma ban kai 1,500 ba. Barci kuwa, wanda nake rantsuwa ina yin awa bakwai, ya nuna awa biyar da minti ashirin, domin ina kwanciya ƙarfe goma sha ɗaya amma wayar tana hannuna har ɗaya saura. Gani ya kori ji. Babu wanda ya taɓa iya gamsar da ni da baki, amma lambobin nan biyu sun zaunar da ni.

Kafin in ɗaga ƙafa, sai da na je asibiti, kuma ina roƙon duk mai fama da gajiyar da ta daɗe ya fara da nan. Agogo ba ya ganin ƙarancin jini, ba ya ganin ciwon suga, ba ya sanin ko ƙwayar tayirod da ke wuya ta rage aiki, kuma dukkansu suna kawo irin wannan mutuwar jiki. Haka ma mai munshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci. An ɗebi jinina. Likitar ta duba sakamakon ta ce, "Malama, jininki ya isa, tayirod lafiya lau, amma sugarki tana bakin iyaka. Ba ta zama ciwo ba tukuna, kuma yanzu ne lokacin da za ki iya juya ta." Na ce, "Likita, me zan yi?" Ta ce in yi tafiya, in rage zaƙi, in yi barci, in dawo bayan wasu watanni.

Agogon ya zo da burin taku 10,000 a rana, an riga an saita shi a ciki. Wannan ne kuskurensa na farko a wurina. Mai taku 2,300 idan aka ce ta yi 10,000, kullum da dare za ta ga da'irar da ke nuna burin ba ta cika ko rabi ba, kuma ba a daɗe ana kallon gazawa kafin a cire abin a jefa a durowa. Na kusa yin hakan a mako na uku. Abin da ya cece ni shi ne da na gano inda lambar ta fito. A 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokyo, wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku da ya sa wa suna Manpo-kei, ma'anarsa ma'aunin taku dubu goma. Sunan talla ne ya bi duniya. A 2019 kuma Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a kan tsofaffin mata, inda suka ga masu taku kusan 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, amfanin yana ƙaruwa har zuwa wajen 7,500 sannan ya daidaita. Ni ban kai shekarun waɗancan matan ba, amma na fahimci cewa babbar riba tana ga wanda ya tashi daga zama ya fara motsi. Na shiga manhajar na mayar da burin 4,500. Bayan wata na ɗaga shi zuwa 6,000, yanzu yana 7,500. Saitin yana ɓoye can ciki, sai an lalubo.

Abin da na fi so a jikinsa ɗan ƙaramin abu ne: idan na yi awa guda ban motsa ba, sai ya yi girgiza a hannuna. Da farko ya ba ni haushi. Daga baya ya zama shi ne ke tashina in zagaya farfajiya na minti uku, in ɗebo ruwa da kaina, in je teburin abokiyar aiki maimakon in aika mata saƙo. Na ƙara da tafiyar minti ashirin bayan cin abincin rana, da wata ta minti ashirin da yamma, da saurin da zan iya magana amma ba zan iya rera waƙa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar minti 150 zuwa 300 na irin wannan matsakaicin motsi a mako, kuma agogon yana tara mintocin yana nuna su. Cikin mako biyar nauyin idon nan na ƙarfe biyu ya ragu ƙwarai. Ban yi tsammanin gajiya za ta ragu ta hanyar ƙara wahalar da jiki ba, amma haka aka yi.

Sai dai sikeli bai motsa ba. Wata biyu cur ina tafiya, kilo 88 na nan, wata rana ma 88 da rabi. A nan ne na fi jin zafin agogon, domin shi ya ruɗe ni. Kullum da yamma yakan rubuta cewa na ƙone kalori 450 ko 500 ta hanyar motsi, ni kuma sai in ga ai na samu sarari, in ƙara lemun gwangwani ɗaya da biskit, in ƙara cokali biyu a faranti. Ashe lambar hasashe ce kawai daga nauyina, shekaruna da lilon hannuna. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan agoguna guda bakwai a 2017. Wajen bugun zuciya yawancinsu sun yi kyau, amma wajen kalori wanda ya fi kowa daidai ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni kuma da kashi 93. Akwai ma gwajin da aka yi a Jami'ar Pittsburgh, aka wallafa a 2016, na tsawon shekara biyu: waɗanda aka ba na'urar sawa a jiki sun rage kilo 3.5, waɗanda ba a ba su ba sun rage 5.9. Da na karanta wannan ban yi mamaki ba, don na san yadda lambar take sa mutum ya biya kansa lada da abinci. Na cire kalori daga fuskar agogon gaba ɗaya, ban sake dubawa ba.

Lissafin da ya buɗe mini ido mai sauƙi ne, kuma lissafi sana'ata ce. Gwangwanin lemo na mililita 330 yana ɗauke da suga wajen giram 35, kalori kusan 140. Mai nauyina sai ta yi tafiyar fiye da kilomita biyu kafin ta ƙone shi, shan sa kuwa minti uku ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sugar da ake ƙarawa a abinci da abin sha ta tsaya wajen giram 25 a rana, kimanin ƙananan cokula shida, ke nan gwangwani ɗaya ya wuce kason yini. Babban cokali ɗaya na man girki kalori 120 ne, ni kuwa tuttula shi nake yi daga kwalba ba tare da awo ba.

Manhajar tana da wurin rubuta abin da aka ci. Yana da wahalar sha'ani, dole ka nemo kowane abinci, ka kimanta nauyinsa, kuma abincin da aka dafa a gida da haɗe-haɗe ba ya shiga lissafinta da kyau. Mako uku na jure na bari. Duk da haka mako ukun sun isa su nuna mini inda ɓarnar take: abin sha mai zaƙi, shayi mai cokali uku sau uku a rana, da ciye-ciyen dare gaban talabijin. Ban bi wani tsari mai suna ba. Na raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kwata ƙwai ko kifi ko wake ko kaza, kwata shinkafa ko taliya ko dankali. Na koma auna mai da cokali. Na bar lemo sai ranar da aka yi baƙi, shayi kuma cokali ɗaya. Karin kumallo, wanda da nake tsallakewa sannan in rama da biskit ƙarfe goma sha ɗaya, na mayar da shi ƙwai biyu da 'ya'yan itace. Daga wata na uku sikeli ya fara sauka, kusan rabin kilo a mako, wani makon ya tsaya cak, wani makon ya ci gaba.

Game da barci, ku ɗauki jimillar awoyin ku bar sauran. Zanen da yake yi na barci mai nauyi da mara nauyi kintace ne daga motsi da bugun zuciya, alhali a asibiti da igiyoyin da ke karanta aikin ƙwaƙwalwa ake auna wannan. Sau da yawa ina kwance ina karatu ya rubuta cewa barci nake. Akwai lokacin da na fara tashi in duba makin barcin da ya ba ni kafin in san yadda jikina yake, idan makin ya yi ƙasa sai in ji yinin ya lalace tun da safe. Na daina dubawa sai ƙarshen mako. Abin da ya ƙara mini barci zuwa kusan awa bakwai shi ne ajiye waya a falo da barin kofi bayan ƙarfe biyu na rana, domin rabin sinadarin kafin da ke cikinsa yana nan a jini bayan kamar awa biyar.

Awon bugun zuciya na yarda da shi idan ina zaune. Wani koren haske ne a bayansa ke haska fata, jini yana shanye koren haske, da haka yake gane kowane bugu. Na gwada shi da na'urar asibiti, bambancin bugu biyu ne. Lokacin da na fara, zuciyata na bugawa 84 a minti ina hutawa, yanzu 72. Wannan lambar ta fi ta sikeli faranta mini rai. Idan ana sassarfa kuma madaurin ya yi sako-sako, sai ya riƙa tsalle yana ba da lambobin da ba su da kan gado.

Sauran aibobinsa ƙanana ne amma suna nan. Madaurin roba ya sa mini ƙaiƙayi da jan fata inda gumi ke taruwa, sai da na koma wanke shi kullum ina sauya hannu, daga baya na sayi na yadi. Idan ina tura keken sayayya ko ina riƙe da yaro, ba ya ƙirga takun don hannun ba ya lilo, amma a mota kan hanya mai gargada yakan ba ni ɗaruruwan takun da ban yi ba. An rubuta a kwali cewa caji yana kai mako biyu, ni kwana takwas ko tara nake samu idan awon zuciya na kunne dare da rana. Manhajar ta nemi izinin ganin lambobin wayata da inda nake, na hana, kuma ta yi aiki lafiya. Saƙonnin waya da yake turowa hannu na kashe su tun rana ta biyu. Babban giɓinsa shi ne ƙarfafa tsoka. Ana son babba ya yi shi aƙalla kwana biyu a mako, kuma yana da muhimmanci ga mai rage nauyi don kada tsoka ta tafi tare da kitse. Ina yin tsugunne-tashi, ina tura bango, ina ɗaga robobin ruwa na minti goma sha biyar ranar Talata da Juma'a, agogon kuwa kusan ba ya ganin na yi komai.

Yau nauyina kilo 80 da rabi. Ƙuguna ya sauko daga santimita 98 zuwa 89, kuma tunda tsawona 163 ne, ina son ya koma ƙasa da rabin tsawon, wato akwai sauran tafiya. Wanda ya riga ya saba motsa jiki ba ya bukatar wannan agogo. Wanda lambobi ke tayar wa da hankali, ko wadda ta taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci, gara su nisance shi. Amma mai aikin zama irina, da ke ganin yana motsi alhali ba ya yi, zan ce ya samu mafi sauƙin ciki, ya sa shi mako guda ba tare da canza komai ba, ya rage burin takun zuwa abin da zai iya, ya kashe lambar kalori tun ranar farko.

Ƙanwata ta zo jiya da yamma ba ta same ni a gida ba, ta kira ta ce, "Yaya, ina kika shiga?" Na ce ta jira ni, saura zagaye ɗaya. Ranar Alhamis zan koma wurin likita a sake auna sugar jinina, kuma a ƙafa zan je, tafiyar minti 35 ce daga gida.